Na ci naman hayaƙin Teksas, ga yanda ta kaya

Tun ranar da na sauka birnin Hiyustan na jihar Teksas a Amurka ɗan yayata ya sa ni gaba, Kawu ba za ka koma ba sai ka ci babakiyu (naman da ake gasawa da hayaƙi), Kawu duk wanda ya zo Teksas bai ci biriskit (naman ƙirjin saniya) ba kamar bai zo ba ne. Ni kuma bikin gama karatunsa ne ya kawo ni, kwana tara kacal gare ni, kuma maganar gaskiya ban ɗauki abun da wani muhimmanci ba, nama ne dai aka gasa, to sai me? Abun da ma ya fi tsaya min a rai shi ne halal, don a yawancin wuraren gashin nasu alade ne ya cinye rabin kasuwar, ga haƙarƙarinsa, ga sosej da ake ɗurawa a hanjinsa, har waken da suke bayarwa a gefe wani lokacin da shi ake dafawa. Yaron yace in kwantar da hankalina, akwai wani ɗan wuri a gefen gari mai shi musulmi ne, saniya da talo-talo da kaza kawai yake sawa a wuta.

Ranar Asabar ƙarfe 9 da rabi ya fara ƙwanƙwasa min ƙofa. Nace kai wurin nan ba ƙarfe 11 kace suna buɗewa ba? Yace eh Kawu, amma in muka je sha ɗaya sai dai mu ci burodi. Na ɗauka zolaya ce. Muna isa na tarar da mutum sun kai talatin a layi, wasu har da kujerunsu na naɗewa da kula ta ruwan sanyi, hira kawai suke kamar ba abinci suke jira ba. Wurin kansa ba wani abun kallo, gini ne na kwano ƙarami, bencina na katako a waje ƙarƙashin rumfa, fanka biyu suna ta kaɗa iska mai zafi, wanda ya san Hiyustan a watan Mayu ya san irin gumin da nake nufi. Amma ƙamshin nan fa, tun daga wajen fakin ya tare mu, ba ƙaurin ƙonewa ba ne, wani ƙamshi ne mai nauyi na itace da kitse wanda yake sa mutum haɗiyar yawu ba shiri.

Da yake jiran ya yi tsawo sai na bar yaron a layi na zagaya baya inda hayaƙin yake fitowa, kuma nan ne na fara gane cewa abun ba yanda na zata ba ne. Murhun nasu wata tsohuwar tankin gas ce doguwa da aka kwantar aka yanka mata ƙofofi a jiki, a gefe ɗaya an liƙa mata ƙaramin akwatin ƙarfe inda wutar take ci, a ɗaya gefen kuma dogon bututu. Wato naman bai ma ga wuta da idonsa, zafi da hayaƙi ne kawai suke ratsawa ta kansa su fice ta bututun. Mai kula da wutar, wani dattijo mai furfura a gemu da tawul a kafaɗa, ya ga na tsaya ina leƙe sai ya yafito ni. Yace tun yammacin jiya ya sa naman, biriskit yakan ci masa awa 12 zuwa 14, zafin kuma ba ya bari ya wuce wajen digiri 250 zuwa 275 a ma'aunin su na Farenhait, kusan 120 zuwa 135 kenan a Salshiyos, duk bayan rabin awa ko minti arba'in sai ya tashi ya jefa icce ɗaya. Iccen ma ba kowanne ba, akwai wanda suke kira fos-ok, shi ne na tsakiyar Teksas, hayaƙinsa bai da ɗaci. Na tambaye shi kayan haɗin da yake shafawa, na zata zai ce sirri ne, sai yayi dariya yace gishiri da masoro, shikenan. Ban yarda ba a lokacin.

Biriskit ɗin dai naman ƙirjin saniya ne, wanda duk mai sayen nama ya san taurinsa, jijiya ce fal a ciki don wurin ne yake ɗauke da nauyin gaban dabbar. In ka ɗora shi kan garwashi kai tsaye sai dai ka tauna roba. Dabarar ita ce a bar shi a wannan sanyin wutar har jijiyar ta narke ta koma romo mai danƙo a cikin tsokar, in ya yi nisa a naɗe shi a takardar mahauta don kar ya bushe, in cikinsa ya kai kusan 200 na Farenhait a sauke a bar shi ya huta na wasu awanni kafin a taɓa shi da wuƙa. Don haka in ya ƙare ya ƙare, ba wanda zai gasa maka wani yanzu-yanzu, wannan ne dalilin layin.

Minti 50 bayan sun buɗe muka kai kan kanta. Ba menu a hannu, allo ne a bango, kuma da awo ake sayarwa, laba-laba, laba ɗaya kusan giram 450. Mai yankan ya ɗago wani baƙin dunƙule ya kwance takardar, wallahi da a hanya na gan shi cewa zan yi gawayi ne, amma yana ajiye shi kan katako sai naga duk jikinsa yana rawa kamar an taɓa katifa. Ya tambaye ni ɓangaren tsoka nake so ko mai kitse, ni kuma da ƙa'idata ta likita ya hana ni maiƙo nace tsoka. Yaron nan ya taka min ƙafa, Kawu don Allah kar ka ba mu kunya. Mai yankan yayi murmushi ya ɗan gutsuro bakin gefen mai kitsen ya miƙo min a kan wuƙa yace in ɗanɗana tukun.

Toh. Ban san me zan ce ba. Ɓawon baƙin nan yana da ɗan ƙaras-ƙaras da yajin masoro, gishiri ya kama shi daidai, kana dannawa da harshe sai kitsen ya watse a baki, ba irin kitsen nan mai naɗe harshe ba, ya narke ya zama kamar man shanu mai ɗumi da ƙamshin hayaƙi. Ban tauna ba fa, haƙori bai yi aikin komai ba. Nan take na canza oda, rabin laba mai kitse, kwata na tsoka don in wanke kaina wajen likita, kwata na talo-talo, sosej na saniya guda biyu, sai haƙarƙarin saniya guda ɗaya wanda girmansa ya kai damtsen yaro, shi kaɗai ya wuce laba.

Ba faranti. Tire aka shimfiɗa wa takarda aka jibge naman a kai, aka haɗo da farin burodi yanka-yanka, ɗanyar albasa, kokwamba mai tsami da koren barkonon nan halafenyo. Yaron yace asalin abun daga mahautan Jamusawa da 'yan Cek ne da suka zauna tsakiyar Teksas a ƙarni na 19, naman da bai sayu ba sai su sa masa hayaƙi don kar ya lalace, leburori su saya a takarda su ci a tsaye, shi yasa har yau takardar ce. Akwai wani ƙaramin gari Lokhat, kusan mil 30 kudu da Ostin, babban birnin jihar, da majalisar jihar ta ba shi laƙabin babban birnin babakiyu na Teksas a 1999, can akwai gidajen da suka haura shekara 90 suna wannan sana'ar. Kuma a 2024 da Michelin, masu tantance gidajen abinci na duniya, suka shigo Teksas har gidajen babakiyu huɗu suka ba tauraron yabo, abincin da ake ci da hannu a kan takarda fa.

Inda na kusa yin abun kunya shi ne da na zauna na ɗaga yanka ɗaya na ga ja-ja zagaye da shi a ƙarƙashin ɓawon. Nace kai wannan bai nuna ba, har na miƙe zan mayar. Yaron ya riƙo min riga yana dariya, wai wannan zoben hayaƙi ne, iskar da take fitowa daga iccen ce take haɗuwa da launin naman ta kafe shi a ja, kuma masu sana'ar alfahari ma suke yi da shi. Naman da ya kwana a wuta ina zai ƙi nuna. Na koma na zauna salin-alin.

Haƙarƙarin nan shi ne ya ci gasar a wajena, har ya fi biriskit ɗin. Ƙashin zare shi kawai nayi ya fito tas kamar an wanke, naman kuma zare-zare da kitse a tsakani, mu biyu muka taru a kai amma bamu ga bayansa ba. Ɓangaren tsokar biriskit ɗin yana da daɗi amma minti goma da yankawa ya fara bushewa, in za ka saya ka fara cinye shi. Sosej ɗin ba laifi, yana fashewa da romo in ka gatsa, sai dai gishiri ya ɗan yi yawa. Talo-talo kam asarar kuɗi ce, fari fat, a bushe, sai da na tura da ruwa. Miyar da suke ajiyewa a kwalba a kan tebur na ɗiga sau ɗaya na ture ta, zaƙi kamar an narka alawa, ban ga dalilin da zai sa mutum ya ɓata naman awa 14 da ita ba, kuma na lura tsofaffin da suke kusa da mu ma ko kallonta basu yi. Waken yayi daɗi sosai, da guntattakin biriskit aka dafa shi. Haɗin kabeji da na dankali sanyi ƙalau ga sukari, cokali ɗaya-ɗaya nayi na haƙura.

Sai kuɗi, nan ne jikina yayi sanyi. Biriskit dala 32 laba, haƙarƙarin shi kaɗai ya tashi kusan dala 45, da aka haɗa komai da shayin ƙanƙara biyu aka ɗora harajin kashi 8.25 na Hiyustan bil ɗin ya haura dala 120, sannan yarinyar da take karɓar kuɗi ta juyo min da allon na'urar yana tambayata in ƙara kashi 18 ko 20 ko 25 na tukwici, alhali ni na yi layi, ni na ɗauko tirena, ni kuma zan kwashe. Na danna na ƙasan ina ƙunƙuni. Wani abun da bai min ba kuma, wurin zama yayi kaɗan, mun fi minti biyar riƙe da tire muna jiran wasu su tashi nama yana hucewa, ga famfon wanke hannu guda ɗaya tal ga mutanen da duk da hannu suke ci.

In maki ne zan basu 4 cikin 5, ɗayan na cire saboda talo-talo da wurin zama. Wanda zai je ya isa kafin su buɗe da kamar awa ɗaya, ya ce mai kitse, kar ya wuce rabin laba ga mutum ɗaya don abun yana da nauyi, ya bar kayan gefen in ba wake ba, kuma in ba wurin halal ba ne ya tambayi har abun da aka sa a waken da kuma ko murhu ɗaya suke haɗa komai.

Ƙarfe 1 da kwata muna fitowa naga an liƙa takarda a ƙofa wai biriskit da haƙarƙari sun ƙare, ga mutane kusan goma sha biyar a tsaye a rana suna karantawa. Ragowar haƙarƙarin muka naɗe muka tafi da shi gida, ni ko abincin dare ban iya ci ba ranar, barci kawai nayi ta yi har la'asar ta kusa kuɓuce min. Da asuba na buɗe firij zan ɗumama abuna na tarar da ƙashi kawai a cikin takardar, yaron nan ya riga ni.