Lambun dashe a wajen Kano: abin da ya rayu bayan bazara biyu

Da gangan na jinkirta wannan sharhi har shekara biyu, domin duk dashen da ke cikin baƙar leda a ƙarƙashin rumfa, ana ba shi ruwa safe da yamma, kyakkyawa ne a ido, kuma ba a sanin ƙarfinsa sai ya sha ƙurar hunturu ya kuma ga zafin Afrilu, lokacin da awon zafi ke kai maki 40 a Kano. Lambun yana bakin wata babbar hanya a wajen gari, irin wuraren da ake kira wajen masu fulawa, sai dai ya bambanta da maƙwabtansa da abu guda: bayan dogon yaro da mangwaro mai aure da kowa ke sayarwa, mai lambun ya ware layi biyu na itatuwan ado da masu yaɗo waɗanda ba a cika gani a gidajen mutane ba. Daga waɗannan layuka na sayi iri shida a farkon damina.

Mai lambun dattijo ne wanda ba ya gaggawar karɓar kuɗi. Kafin ya nuna mini komai sai da ya tambayi faɗin tsakar gidana, da inda rana ke faɗowa da yamma, da ko ruwan rijiya nake amfani da shi ko na 'yan garuwa. Na nuna sha'awar itacen nan mai jan fure da masana ke kira Delonix regia, wanda asalinsa daga Madagaska yake kuma yake rufe kansa da ja gab da saukar damina, amma ya ce mini, "Malam, wannan ba na ƙaramin gida ba ne, saiwarsa a sama take tafiya, za ta ɗaga maka daɓe ta tsaga katanga." Na ce, "Baba, ko a lungu ne?" Ya girgiza kai. Mutumin da ya hana kansa ciniki don kada katangar wani ta tsage ya cancanci a faɗi hakan tun da farko, kafin a zo kan inda ya gaza.

Mafi daraja a cikin abin da na saya ita ce karya, wadda sunanta a wurin masana Adenium obesum. Abin mamaki shi ne ba baƙuwa ba ce: tsiro ne na yankin Sahel da gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa, kuma magabata sun san ta, sun san ruwan jikinta dafi ne da aka yi amfani da shi a kan kibiya. Abin da ya zo daga waje shi ne gyaran da masu lambu na Asiya, musamman na Tailan, suka yi mata, har suka fitar da masu fure ninki-ninki, ja da fari da ruwan hoda, waɗanda ake aurawa a kan gindin ta asali. Irin wannan mai auren na saya, kuma kuɗinta ya ninka na dashen mangwaro sau da yawa. Gindinta kumburarre ne kamar tulu domin a nan take ajiye ruwa, saboda haka abin da ke kashe ta shi ne yawan ban ruwa da ƙasa mai riƙe laima. Dattijon ya haɗa mini ƙasarta da kansa, yashi mai yawa da ɗan ruɓaɓɓen takin shanu, ya kuma gargaɗe ni in ɗauke tukunyar daga bakin indararo a watan Agusta. Na bi maganarsa, kuma a tsakiyar rani, lokacin da komai a gidan ya yi furu-furu da ƙura, ita take cika da fure alhali ganyenta kaɗan ne. Abin da bai gaya mini ba shi ne batun dafin, kuma ina ganin wannan babban giɓi ne ga mai sayar wa gidajen da ke da ƙananan yara da awaki. Ni na riga na sani, na ɗora ta a kan dakali mai tsawo, amma ba kowane mai saye ne zai sani ba.

Boganbiliya ba ta buƙatar dogon bayani, domin ta zama ruwan dare a katangun unguwannin masu hali. Daga Barazil aka fara kai labarinta Turai, a tafiyar zagaya duniya da Bafaranshen nan Bougainville ya jagoranta daga 1766 zuwa 1769, kuma sunansa aka sa mata. Abin da ake ɗauka furenta ganye ne da ya rine, furen gaskiya shi ne ɗan farin da ke tsakiya. Na nemi mai ruwan goro, na biya kuɗin mai ruwan goro, da ta yi fure sai ga shunayya irin ta kowa. A nan ne raunin lambun ya fito fili: babu ko leda ɗaya mai ɗauke da suna, komai a kan dattijon yake, kuma ranar da ba ya nan yaransa sukan nuna abin da ya yi kama su ce shi ne. Da na koma da ƙorafi bai yi gardama ba, ya ba ni wata a madadin, amma ta farko ta riga ta kama katanga, ga ƙaya, cire ta ya zama aiki.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wani mai yaɗo daga Asiya, Combretum indicum, ɗan uwan gezar da muka sani a daji. Furensa yakan buɗe fari da almuru, washegari ya koma ruwan hoda, daga baya ya zama ja, ta yadda za a ga launi uku a reshe ɗaya, kuma ƙamshinsa ya fi tashi da dare, lokacin da ake zaman tsakar gida. Tsohon sunansa na Latin, Quisqualis, tambaya ce mai ma'anar "wane ne, wane iri ne", domin yakan fara kamar ƙaramin itace sannan ya rikiɗe ya kama hawa. A shekara ɗaya ya rufe rumfar ƙarfen da na yi masa. Yana da shan ruwa fiye da boganbiliya, yana kuma fitar da 'ya'ya daga saiwa a inda ba a gayyace shi ba, don haka wanda ba ya son riƙe almakashi ya haƙura da shi. Frangifani kuwa, mai farin fure da ɗorawa a tsakiya, ɗan asalin Meziko da tsakiyar Amurka, reshe kawai aka yanko mini aka ce in bar shi a inuwa kwanaki har bakin yankan ya bushe kafin in dasa. Ya kama, yakan zubar da ganye da hunturu ya tsaya tsirara kamar ya mutu, sannan ya dawo.

Biyu ne suka ba ni kunya. Petrea volubilis, mai yaɗo mai ganye kaushi kamar samfefa da fure shuɗi mai zubowa, ta zo mini da saiwa a nannaɗe cikin ledar da ta yi mata kaɗan, alamar ta daɗe a lambun ba a sauya mata mazauni ba. Ta yi ta fama har bazarar farko, gara ta ƙarasa ta. Da na zare ledar a gaban mai lambun kafin in biya da na gani, kuma wannan laifina ne daidai da nasa. Jakaranda kuma, itacen ado mai furen shunayya, tana nan da rai, doguwa siririya, ba ta nuna alamar fure ba, iskar hunturu tana ƙone mata bakin ganye kowace shekara. Ƙuruciya na iya zama dalili, amma akwai wani: asalinta daga Ajantina da Bolibiya ne, kuma garin da ya yi suna da ita, Pretoria a Afirka ta Kudu, yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,300 da sanyin da Kano, wadda ba ta kai mita 500 ba, ba ta da shi. Itace ne da ya fi dacewa da ƙasa irin ta Jos. An sayar mini da ita ne da hoton waya na titi lulluɓe da shunayya, kuma dattijon da ya hana ni itacen Madagaska bai ce komai ba a nan, ina zaton don shi ma hoton ya sani.

Wannan ya kai ni ga abin da na fi jin takaicinsa game da lambun, wato rashin itatuwan ado na ƙasarmu. Sansami dangin jakaranda ne, yana fitar da fure ruwan hoda mai ƙamshi da rani kafin ganye ya fito, kuma ba ya neman kowa ya ba shi ruwa idan ya kafu. Minjirya tana da jan fure, reshenta kawai ake kafawa ya tsiro, shi ya sa ake shinge da ita a ƙauye. Gurjiya tana yin fure ja da ruwan goro da hunturu, har a yi miya da gindin furen. Babu ko ɗaya daga cikinsu a lambun. Da na tambaya, dattijon ya yi dariya ya ce, "Malam, wa zai ba ni kuɗi a kan itacen daji?" Na tuna masa cewa karyar da ya fi tsadantawa ma daga dajin ta fito, sai da ta je Tailan ta dawo aka ga darajarta.

Zan ci gaba da saye a wurin, kuma ina ba mai ƙaramin gida shawarar ya je, da sharaɗi uku da ni ma na ɗora wa kaina: ya je ranar da dattijon yake nan, ya sayi mai fure a lokacin da furen ke jikinsa don ya ga launin da idonsa, ya kuma duba saiwa kafin ya biya. Na bar masa kuɗin kafin alƙalami a kan sansami biyu, ya ce zai sa a nemo masa iri daga wajen Falgore idan kwanson ya bushe.