Sharhi na kan sikelin zamani da na siya don auna yarana a Makka

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman mu da muke zaune nan Saudiyya muna rainon yara a cikin ɗaki ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wata takwas kenan da siyan sikelin nan mai haɗuwa da waya, kuma tunda mutane biyu sun tambaye ni ko su siya nace bari in zauna in rubuta gabaɗaya abinda na gani, mai daɗin da mara daɗin, dan akwai abinda ya faru dani wanda bana so ya faru da wata uwar.

A wata saidaliyya, wato kantin magani, na siye shi nan kusa damu wajen Shara Mansur, riyal tamanin da wani abu. Gilashi ne baƙi mai ƙarafa huɗu a sama inda ake ɗora tafin ƙafa, batir ƙanana yake ci, sai ka sauke manhajarsa a waya ka haɗa da bulutut. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba dan irinsu sunyi yawa a kasuwa kuma wanda na gani gidan maƙwabciyata ma kusan haka yake aiki. Dalilin siyan kuwa 'yar autata ce, shekararta shida, siririya ce tun haihuwa, duk bikin da muka je sai wata tace wai yarinyar nan tana cin abinci kuwa? Hajiya ma, wato surukata, kullum muka yi waya da bidiyo daga Kano sai tace a matso mata da ita ta gani, sannan tace "ke dai ki dinga dura mata kunu, ji wuyanta." Yayanta kuwa mai shekara takwas masha Allah kowa yabonsa yake, kumatu cike, ana cewa wannan shi ya samu lafiyar Makka.

Wajen auna nauyi dai sikelin bashi da laifi, wannan zan bashi haƙƙinsa. Na gwada shi da buhun shinkafa mai kilo biyar ya nuna biyar cif, na hau sau uku a jere bambancin bai wuce giram ɗari ba, sai dai dole a ajiye shi kan tayil, in ka ɗora shi kan kafet zai baka wata lamba daban. Batir ɗin farko har yanzu shi ne a ciki.

Matsalar tana cikin manhajar. Da na buɗe ta tace in saka tsayi da ranar haihuwa da jinsi, na saka na yarinyar, santimita 113, ta hau ya nuna kilo 19, sai ga BMI, wato ma'aunin da ke kwatanta nauyi da tsayi, ya fito 14.9 da shuɗin rubutu wai nauyinta yayi ƙasa da kima. Wlh gabana ya faɗi, nace ashe maganar mutane gaskiya ce. Na kira yayan ya hau, kilo 34, tsayi 128, BMI 20.8, kore shar, wai lafiya lau. Toh kunga abinda ido yake gani da abinda Hajiya take faɗa da abinda na'ura ta faɗa duk sun zo ɗaya, me zai sa inyi shakka.

Kusan wata biyu na ɗauka ina takura wa yarinyar nan. In ta ce ta ƙoshi sai in ce sai ta cinye, na koma saka mata man shanu a komai, madara da sukari kafin barci, har maganin buɗe ciki na siyo ba tare da likita ya rubuta ba. Akwai daren da bazan manta ba, tana zaune gaban faranti na kabsa hawaye na zuba cikin shinkafar tana cewa Umma cikina ya cika wallahi, ni kuma ina tsaye kanta da cokali. Abinda ta rage kuwa yayan ne yake kwashewa, ina kallo ina jin daɗi tunda na'ura tace shi kore ne. Har yau in na tuna zuciyata bata min daɗi.

Tari ne ya kaimu mustausaf, wato ƙaramin asibiti, yaron ne ya kamu. Daktorar yara ce, mace mai natsuwa, kafin ta duba ƙirjinsa nas ta auna shi tsayi da nauyi kamar yadda suka saba, sai naga daktora ta juyo da allon kwamfuta tana nuna min wani zane mai layuka lanƙwasassu da ɗigo guda can sama. Tace ya ummi, ɗanki yana da ƙiba, ba wai ya ɗan fi kima ba, ya haye layin ƙiba. Na ciro waya na nuna mata koren nan. Ta duba ta girgiza kai tace wannan ma'aunin manya ne aka ɗora wa yaro.

Ga yadda ta warware min, kuma daga baya na zauna na karanta da kaina na tabbatar. Lissafin BMI ɗaya ne ga kowa, nauyi a kilo a raba da tsayi a mita sau kansa, misali nasa 34 a raba da 1.28 sau 1.28 shi ya bada 20.8. Ga babban mutum iyakokin a tsaye suke, ƙasa da 18.5 rama, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai, 25 an fara yin nauyi, 30 ƙiba. Amma jikin yaro ba tsaye yake ba. BMI na jariri yana hawa da sauri har wajen shekara ɗaya, daga nan ya dinga sauka a hankali har wajen shekara biyar zuwa shida inda yaro yake fin kowane lokaci zama siriri, sannan ya sake tashi har balaga. Shi yasa lambar ita kaɗai bata faɗin komai sai an ɗora ta kan jadawalin shekaru da wata, kuma na maza daban na mata daban. A jadawalin hukumar lafiya ta duniya WHO na 2007 wanda aka yi dan 'yan shekara 5 zuwa 19, yarinya 'yar shekara shida tsakiyar layinta wajen 15.3 ne, ba a cewa ta rame sai tayi ƙasa da 12.7. Tawa tana 14.9. Kenan yarinyar da nake dura wa abinci tana kuka lafiyarta ƙalau, kusan a tsakiyar sa'o'inta take. Namiji ɗan shekara takwas kuwa tsakiyarsa 15.7, in ya wuce 17.4 nauyi ya fara yawa, in ya wuce 19.7 ƙiba ce. Nawa 20.8.

Na zauna shiru a kujerar nan na rasa abin cewa. Abinda yafi ƙona min rai shine manhajar ta karɓi ranar haihuwarsu, ta san shekarunsu, amma bata yi amfani dasu wajen yanke hukunci ba kuma bata gargaɗe ni ba. Da na dawo gida na ciro takardar cikin kwalin, can ƙasa da ƙananan rubutu na Larabci da Turanci an rubuta wai sakamakon ba na 'yan ƙasa da shekara 18 bane. A jikin kwalin kuwa hoton iyali ne da yara suna murmushi. Wannan a wajena yaudara ce, in dai za'a bari a saka yaro a ciki toh ko a bashi jadawalin yara ko a toshe launukan nan gaba ɗaya. Sauran lambobin da yake bayarwa na kitse da ruwan jiki da tsoka, waɗanda ƙarafan nan ke ƙiyastawa ta hanyar tura ɗan ƙaramin lantarki ta ƙafa, daktora tace kar in kula su sam a kan yara, kuma nima na lura in yaro ya sha ruwa ko ƙafarsa da danshi lambar canzawa take.

Wani abu da ya ƙara min natsuwa da jadawalin, dan da farko nace ai na yaran Turawa ne ina ruwansa da namu, shine na ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar da WHO ta fitar a 2006 an gina shi ne kan yara sama da dubu takwas daga ƙasashe shida, Brazil, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, kuma aka ga in dai yaro ya samu nono da abinci da kulawa girmansu kusan iri ɗaya ne ko a ina aka haife su. Ga Ghana a yankinmu ga Oman maƙwabtan nan. Akwai kuma na Amurka na shekarar 2000 wanda wasu asibitoci da shafukan intanet ke amfani dashi, shi da kaso cikin ɗari yake magana, ƙasa da 5 rama, daga 85 nauyi yayi yawa, daga 95 ƙiba, don haka in kika ga an rubuta miki 90 ko 97 kar ki ɗauka maki ne na jarabawa, ana nufin yaronki ya fi yara casa'in ko casa'in da bakwai cikin ɗari na sa'anninsa a wannan ma'aunin.

Abubuwa biyu da suka shafe mu mazauna nan. Na farko kwanan wata. Da yawanmu Hijiriyya muke riƙewa a ka, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, a shekara takwas ya kai kusan wata uku, jadawalin kuma da watannin Miladiyya yake lissafi, don haka a juya ranar haihuwar tukunna kafin a saka. Na biyu tsayi. Sikeli baya auna tsayi, ke zaki saka masa, kuma nan ne ake yawan kuskure. Da na ƙara santimita biyu kacal a nasa, 130 maimakon 128, BMI ɗin ya sauko daga 20.8 zuwa 20.1. Yanzu yadda nake yi, ba takalmi, duga-dugai da baya a jikin bango, ido na kallon gaba, in ɗora littafi mai tauri a kansa in ja layi da fensir, ita kuma sai na kwance mata ribom ko in kitson yana da tudu in jira ranar tsifa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu kuwa a kwance ake auna shi, wannan ki barwa asibiti.

Daktora bata ce a sa yaron azumin abinci ba, tace a shekarunsa abinda ake so nauyin ya tsaya tsayin ya kamo shi. Ta duba bayan wuyansa ko akwai baƙin nan mai kauri da kan nuna jiki ya fara wahala da sukari, Alhamdulillah babu, ta tambaye ni me yake sha. Nan na fara lissafi, asir, wato jus, na kwali biyu a jakar madarasa, wani da la'asar daga bagala, wato shagon unguwa, lemon kwalba duk ranar da Abbansu ya shigo da burost, ga shayi da sukari cokali uku da tamis da safe. A 2017 gwamnatin nan ta ɗora harajin kashi 50 kan lemon kwalba, a ƙarshen 2019 ta haɗa da sauran abin sha masu sukari, mun yi ta ƙorafin tsada amma bamu rage ba. Sannan ana so yaro ya samu motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum, a garin da zafi ke wuce digiri 40 da rani kuma ba tsakar gida irin na Kano da yaro zai fita yayi ta guje-guje, gaskiya wannan shi yafi bamu wahala. Abinda muka iya shine bayan isha'i Abbansu ya fita dasu hadiƙa, wato lambun shaƙatawa, da ƙwallo, ranar Juma'a kuma in ba cunkoso mu tafi Harami da ƙafa daga inda mota ta sauke mu.

Fahimtar da Hajiya ya ɗauki lokaci. Da na gaya mata cewa tayi "yaron da Allah ya ba jiki za ku sa masa ido?" Ban ja da ita ba, nace Hajiya ki yi mana addu'a ne, kin san ciwon sukari yana gidan, Abbansu ne ya ƙarasa mata bayanin a hankali. Shi kansa yaron ban taɓa ce masa mai ƙiba ba kuma na hana kowa faɗa a gabansa, asir ɗin ma duk gidan muka daina siya har ni, aka koma ruwa da laban.

Bayan wata shida mun koma. Tsayinsa 131, nauyi 34.2, BMI 19.9, layin ƙiba na ɗan shekara takwas da rabi kuma wajen 20 yake, kenan ya ɗan sauko ƙarƙashinsa, da sauran tafiya amma ɗigon ya juya. Autar na bar ta tana cin abinda cikinta ya ɗauka, ta ƙara tsayi ta ƙara nauyi tana bin layinta, kuma ta daina ɓuya in an kira cin abinci.

Sikelin yana nan ina amfani dashi, amma na goge manhajar daga wayata. Sau ɗaya a wata nake auna su, da safe bayan sun shiga banɗaki kafin karin kumallo, in rubuta a littafi da kwanan wata, jadawalin WHO na maza da na mata na sauke daga shafinsu kyauta na buga a maktaba na manna a bayan ƙofar kicin, in mun je mustausaf in tafi da littafin. In tauraro biyar ake bayarwa, awon nauyin na bashi huɗu, manhajar ɗaya. Wadda take da shi a gida kuma ta taɓa ɗora yaro akai ta ga kore ko shuɗi, dan Allah ta kai lambobin wajen likitan yara a ɗora mata kan jadawali kafin ta ƙara ko ta rage wa yaron ko loma ɗaya.