VCD ko ESR: Wanne Ƙarfen Tobin Ya Fi Jure Zafi?

Ɗaliban injiniya a Ƙaura Namoda suna yawan tambayar wannan. VCD da ESR hanyoyi biyu ne na tace ƙarfen da ake ƙera sandar tobin da shi, wato injin da tururi ke juyawa don samar da lantarki. Sandar tobin ɗin tururi na juyawa sau 3,000 a minti cikin zafin digiri 540 zuwa 600 a ma'aunin Celsius, ƙarfen yana miƙewa sannu a hankali har ya tsage ta kan iyakokin ƙwayoyinsa.

A VCD, ana zuƙe iska daga kan narkakken ƙarfe, kabon ya haɗu da iskar oksijin su fice tare. Sai buƙatar zuba sinadarin silikon ko alminiyam don kame oksijin ta ragu. Wannan babban abu ne, domin alminiyam na kame naitirojin da ya kamata ya haɗu da sinadarin banadiyam da ke cikin ƙarfen ya ƙara masa ƙarfi. VCD ba ta da tsada sosai, amma babban curin ƙarfen da aka zuba kan daskare da tsakiya daban, gefe daban.

ESR kuwa sake narka curin ake yi ta cikin narkakken kashin ƙarfe, ya daskare daga ƙasa a tukunyar tagulla mai sanyin ruwa. Farar wuta da datti na raguwa, ciki ya daidaita. Wutar lantarki take ci sosai.

Ba wadda a cikinsu ke cire kuza daga tsohon ƙarfen da ake narkawa; sai an tantance shi tun wurin saye.

Sandar da ke da sinadarin kuromiyam kashi 1 cikin ɗari mai aiki kusa da digiri 540, VCD ta wadatar. Mai kashi 9 zuwa 12 da za ta kai 600, ESR ta cancanci kuɗinta.