Shok kaɗai ko cikakken saiti da sifirin? Amsa ga mai MX-5

Ɗan'uwanmu mai Mazda MX-5 ƙirar 2001 ya ce shokabsobansa na baya suna tsiyayar mai, kuma a gida yake son canzawa. Ya sayi shok kaɗai ya mayar da tsohon sifirin, ko ya sayi wanda aka riga aka haɗa?

Malam, shok kaɗai ya fi sauƙin kuɗi. Sabon shok na kamfanin KYB ko Bilstein a kan sifirin na asali zai bar motar a tsayin da kamfani ya yi ta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a Kano, inda layi kaɗan ne babu tudun rage gudu, ga ramukan damina. Sai dai dole a matse sifirin kafin a kwance notin tsakiya na sama, kuma nan haɗarin yake. In ya kuɓuce yana matse, karya hannu ba wuya. Da ƙarafa biyu na musamman ake matse shi; su zauna daura da juna, a riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan. Don Allah ban da waya ko igiya. In ka buɗe, duba robar da ke kan sandar shok. A wannan motar tafiyar shok na baya gajera ce, robar takan rududduge. Canza ta tare da rigar ƙura, domin ƙurar hunturu ita ke cinye sil har mai ya fara zuba.

Cikakken saiti kuwa cirewa ne da sakawa: noti biyu masu lamba 14 a sama, cikin but, da bolt mai lamba 17 a ƙasa. Na hagu suna bayan murfin ƙarfen bututun fetur. Amma sababbin saitin da yawa suna sauke mota ƙasa, sai cikinta ya riƙa gogar tudu. 'Yan Beljiyam na Ƙofar Ruwa kuma ba ka san nisan da suka ci ba. Kula ma, shok na MX-5 ƙirar 1989 zuwa 1997 ba ɗaya suke da na ƙirar 1998 zuwa 2005 ba.

Kowanne ka zaɓa, ɗora motar kan tsayayyen ƙarfe, kada ka dogara da jak, kuma canza hagu da dama tare. Bolt ɗin ƙasa kada ka ɗaure shi tamau sai nauyin mota ya sauka a kansa, sannan ka kai shi Nm 73 zuwa 93 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure bolt). In ka ɗaure taya na lilo, bushin zai murɗe ya yage da wuri. Bayan nan a kai ta alaimen.

Auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, hagu da dama. In sun yi daidai kuma sifirin bai tsage ba, sayi shok kaɗai. Ciro tsofaffin shok da sifirinsu a gida, ka kai wa makanike mai na'urar matsewa ya sauya maka sifirin, ka dawo ka ɗaura da kanka.