PCL ko HP-GL/2: wanne ya fi wajen zana akwati da cika shi?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka buga rasit mai akwatuna da layin saman jadawali mai inuwa, kana aika umarni kai tsaye ga firinta, kuma ka rasa wanne za ka kama tsakanin PCL da HP-GL/2, harsunan umarni biyu na kamfanin HP. Ai dukansu suna cikin PCL 5 tun 1990, lokacin da HP ta fito da LaserJet III, don haka a shafi ɗaya ma kana iya haɗa su.

A PCL, sai ka fara kai manuni, wato alamar wurin da firinta za ta buga, inda kusurwar sama ta hagu za ta zauna, sannan ka faɗi faɗi da tsawo. Ga akwati mai inci 2 a kwance, inci 1 a tsaye, da inuwa kashi 20:

ESC*p300x600Y ESC*c600a300b20g2P

ESC alama ce ta musamman da ke fara umarni, ba haruffa uku ba. Ma'aunin asali ɗigo 300 ne a inci. Lambar da ta zo daf kafin P ita ce ke zaɓen ciko: 0 baƙi ƙirin, 1 fari, 2 inuwa, 3 layuka. Inuwar matakai 8 kacal gare ta, shi ya sa kashi 12 da kashi 18 za su fito iri ɗaya, kada ka ɓata takarda kana gwadawa. Layukan kuwa kala 6 ne, na kwance, na tsaye, na karkace biyu, da raga biyu.

Inda PCL ke ba mutane haushi shi ne ba ya zana bakin akwati, wato layin iyakarsa. Ciko kawai ya sani. In kana son akwati mai iyaka, ko dai ka jera siraran akwatuna guda huɗu, ko ka zuba baƙi ka ɗora fari ɗan ƙarami a kansa.

HP-GL/2 ya gaji halin na'urorin zane masu alƙalami. Ka shiga da ESC%0B, ka fita da ESC%0A:

IN;SP1;PU1016,1016;FT10,20;RR2032,1016;ER2032,1016;

FT ya zaɓi irin ciko, RR ya cika, ER ya ja bakin akwati, in ka ƙara PW kuma ya daidaita kaurinsa da milimita. FT3 ma yana barinka ka zaɓi tazarar layuka da karkatarsu yadda ka ga dama, abin da PCL ba zai ba ka ba sai ka ƙera naka zanen.

Amma a kula, nan inci ɗaya 1016 ne, kuma lissafi yana farawa daga ƙasa ta hagu ya hau sama, alhali PCL daga sama yake gangarowa. Wanda ya haɗa biyun bai juya lissafinsa ba, akwatinsa zai je ƙasan shafi, rubutunsa na can sama.

Ni dai a rasit PCL nake tsayawa, domin rubutu da akwati suna kan ma'auni guda, sirara huɗun nan kuma da ka rubuta musu ɗan aiki sau ɗaya a manhajarka an gama. Sai in za ka sa da'ira ko layin karkace ne zan ce ka shiga HP-GL/2. Ka dai fara duba cewa firintarka tana jin PCL 5, don PCL 6 harshensa daban ne, waɗannan umarnin ba nasa ba ne.