Tabarmar fesa ruwa da na saya wa yara a Sabon Gari

Ƙanwata da ke aure a Texas ta Amurka ita ta jawo mini wannan kashe kuɗin. Bara cikin Yuli ta turo mini bidiyo ta WhatsApp, yaranta biyu suna ta tsalle a wani fili mai daɓe cikin lambun unguwarsu, ruwa na tsartuwa daga ƙasa ta wasu 'yan ramuka, wani ya miƙe sama tsayin mutum, wani ya baje kamar laima. Na ce nawa ake biya? Ta ce, "Yaya, ko sisi. Na hukumar gari ne. Yaro zai danna maɓalli, ruwa ya taso na 'yan mintoci ya ɗauke, wani ya sake dannawa." Babu rami, babu inda ruwa ke kwanciya, yana faɗowa yana bin magudana, shi ya sa ko mai rarrafe ana sakin sa. Ana buɗe wuraren wajen ƙarshen Mayu, a rufe a farkon Satumba. Lokacin mu muna tsakiyar damina, har da bargo muke kwana, sai na ce Allah ya kyauta na wuce.

Maris na shigowa bidiyon ya dawo mini. Duk wanda ya yi bazara a Zariya ya san yadda take. Hunturu zai tafi ba sallama, washegari ka ji bango na huci kamar tanda. Da tsakar dare katifa na ƙona baya, fanka in ma akwai wuta iska mai zafi take juyawa. Autana duk wuyansa da bayansa sun feso da ƙurajen zafi, na barbaɗa hoda har na gaji. Yara huɗu, hutun makaranta, tsakar gida ɗaya.

A garin nan wurin ruwa na kyauta da na taso na sani rafin Kubanni ne. Yayyena maza can suke sulalewa da rana, su dawo ido jajir, jiki fari fat, a zane su, gobe su koma. Biyu a cikinsu sun yi tsargiya. Har akwai masu cewa wai jini a fitsarin yaro alamar girma ce, alhali tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata. Ba zan tura nawa can ba. Kwamin iyo na otal kuwa sau ɗaya na kai su. Kuɗin kai huɗu ya isa cefanen kwana biyu, ruwan ya fi ƙarfin ƙananan, ni kuma ina zaune da hijabi a takure ga maza na ta shawagi da gajeren wando. Ban koma ba.

A wani shagon kayan wasan yara cikin kasuwar Sabon Gari na ga tabarmar, na je sayen takalmin Sallah. Hoton kwalin kamar bidiyon ƙanwata aka ƙanƙanta: yara uku a tsakiya, ruwa ya yi musu rumfa. Mai shagon ya ce sunanta tabarmar ruwa, ya sa ta dubu 18. Na taya 11, ya ce albarka. Muka yi ta ja har ya ce, "Hajiya, kawo 14, wallahi don dai ke ce." Na san kowa ma "don dai ke ce" ne, amma na biya.

Zagayayyiya ce kamar faifai, kwalin ya ce faɗinta santimita 170, na auna da tef ɗin ɗinki ya yi daidai. Roba ce mai ɗan kauri, daga Sin, da zanen kifaye. Ba a hura mata iska. Gefenta wani zobe ne da ruwa ke cikawa ya kumbura, a jikinsa akwai ƙananan huji a jere suna kallon tsakiya, ta nan ruwan ke fesowa. Abin da ke taruwa a tsakiyar ko idon sawu bai kai ba. Sabuwa tana da warin roba mai hawa kai, sai da na shanya ta a inuwa kwana biyu.

Matsalar farko bakinta. An yi masa zare ne daidai tiyon ƙasashen waje, namu tiyon da ake yanka da yadi a kasuwa bai shiga. Mai gyaran famfonmu ya ɗumama bakin tiyon a ruwan zafi ya cusa, ya naɗe da yankin tsohon tub ɗin babur, ya matse da kilif. Ya riƙe har yau.

Na haɗa da famfon tsakar gida, yara sun jeru da gajerun wanduna, na buɗe. Ruwa ya leƙo daga hujin ya gangaro kamar hawaye. Babban ɗana ya dube ni ya ce, "Umma, shi ke nan?" Na duba hoton kwali, na duba tabarma, na fara shirya maganar da zan gaya wa mai shago.

Ashe ba laifinsa ba ne, kuma nan ne nake so duk mai niyyar saye ya tsaya ya karanta da kyau. Maigida ne ya fahimtar da ni da dare. Ruwan tanki nauyinsa kawai ke turo shi, iya tsayin da ka ɗaga tankin iya ƙarfinsa. Ruwan famfon ƙasashen da aka yi wa tabarmar nan lissafi da su, ƙarfinsa kamar a ce tankinka na bisa hasumiya mai mita 30 ko 40 ne. Namu tankin, mai lita 2,000, a kan ƙarfe mai mita 4 yake. To ina za a haɗa? Washegari aka ja tiyon kai tsaye daga bututun da ke fitowa daga rijiyar burtsatse kafin ya hau tanki, aka kunna sumo. Nan fa ruwa ya tashi har ya wuce kan 'yata mai shekara bakwai, ya haɗu a tsakiya kamar yadda aka zana. Ihun da suka yi sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar lafiya.

Ba zan rage mata ba, a wajen sanyaya yara ta yi aikinta. Minti 20 a ciki bayan La'asar, su fito suna rawar sanyi da haƙora, su ci tuwo da yawa, su yi barci tun bayan Isha ba mai kukan zafi. Ƙurajen autana sun kwanta cikin sati guda, ko da yake na daina sa masa riga da rana a lokacin, don haka ba zan rantse tabarmar ce kaɗai ba. Kuma hankalina a kwance yake fiye da lokacin da nake cika musu baho, domin baho cike da ruwa da yaro ɗan shekara biyu ba abin juya baya ba ne ko na ɗauko gishiri. Duk da haka ba na barin su su kaɗai. Yaro in ya kife, ruwa kaɗan ma ya ishe shi.

Da azahar kada ma a gwada. Siminti na ƙona tafin ƙafa, ruwan da ya daɗe cikin tiyo a rana kuma in ya fara fitowa zai iya dafa shayi, sai an bar shi ya zuba a bokiti tukuna. Robar tana da santsi a kan daɓe, 'yata ta zame ta fasa gwiwa ran farko. Na shimfiɗa tsohon kafet a ƙasa, aka samu lafiya, ya kuma kare ta daga tsakuwa.

Sai maganar da babu ita a jikin kwali, wato ruwa. Na sa an gwada mini: da ƙarfin da muke buɗewa, jarka mai lita 25 na cika cikin kamar minti biyu. Rabin awa ke nan jarka 15, fiye da kura guda ta 'yan garuwa. Wanda ke sayen ruwa a Tudun Wada ko cikin birni ya lissafa da kuɗin jarka a unguwarsu cikin Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, zai ga kuɗin tabarmar shi ne mafi ƙanƙanta a lamarin. Mu da muke da burtsatse ma ba kyauta ba ne, sumo sai da wuta, in babu wuta sai janareta, janareta sai da fetur. Akwai ranar da na ji maigida yana ce wa abokinsa a zaure wai yanzu a gidansa har wasan yara lita yake sha.

Hajiya, mahaifiyar maigida, ta zo mana kwana uku daga Ƙofar Gayan ta tarar ana yi. Ta tsaya da carbinta tana kallon ruwan na bin rariya zuwa lungu. Ba ta ce komai ba sai da yara suka shiga ɗaki. Ta ce, "Uwar ɗakina, ruwan da bayin Allah ke layi tun asuba a famfonku na waje, shi ne ake watsarwa haka?" Na ce, "Hajiya, zafi ne ya yi wa yaran yawa." Ta ce, "Mu da buta ɗaya muka raini ubansu." Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa, kuma ni ma abin yana ɗan sukata tun kafin ta zo. In Hajiya ta kira ni uwar ɗakinta, na san faɗa ne aka naɗe cikin zani mai kyau.

Daga ranar muka canza tsari. Na matsar da tabarmar kusa da bayan gida inda ƙasa take, babban ɗana ya haƙa 'yar hanya zuwa gindin ayaba da zogale da gwanda, ruwan ya daina fita lungu, maƙwabcin da ƙofarsa ke caɓewa ya daina gaishe ni da ƙyar. Sau biyu a sati, minti 20, kuma sai an cika tanki an sallami masu ɗiba a waje. Abin da ya taru a tsakiya a ƙarshe, a kwashe a wanke banɗaki da shi. Zogalen bana ban taɓa ganin ya yi ganye haka cikin rani ba, Hajiya ma da guzurinsa ta koma.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yaran unguwa. Ran farko huɗu ne, nawa. Sati na zagayowa na ƙirga 17 a ƙofar gida, wasu da ɗan tawul a kafaɗa kamar masu zuwa wurin biya. Tabarmar ba ta ɗaukar fiye da biyar ƙanana, sai na raba su rukuni-rukuni, mata daban, maza daban, wanda ya wuce shekara goma ya koma mai riƙe tiyo. Dole na kafa doka: a wanke ƙafa kafin a shiga, ba a sha, kuma duk yaron da ke gudawa ya haƙura sai ya warke sarai. Wannan doka ta ƙarshe, ƙanwata ce ta ja mini kunne a kai. Ta ce a can a wasu wuraren ruwa ɗaya ne ke zagayawa, a tace shi a sa masa kilorin ya dawo, kuma akwai ƙwayar cutar gudawa da ke yin kwanaki cikin kilorin ba ta mutu ba. A 2021 ma wani yaro ya rasu a garin Arlington na jiharsu bayan wata ƙwayar cuta mai cin ƙwaƙwalwa ta shige shi a irin wannan filin, da aka bincika aka ga an yi sakaci da gwajin ruwan. Tamu ta gida ta bambanta da waɗannan ta hanya ɗaya, ruwan da ya fita ba ya dawowa. Amma in an gama a juye ta a shanya, kada a bar ruwa ya kwana, sauro ba ya buƙatar gayyata, kuma cikin zoben na yin gansakuka.

Cikin sati na uku ta fashe. Laifina ne, na buɗe ruwan gaba ɗaya don in burge baƙi, wani ƙaton yaro kuma ya taka zoben, ɗinkin ya tsage kamar tsawon yatsa. Ɗan facin da ke cikin kwali bai yi awa ɗaya ba ya ɓalle. Na aika wa mai faci na bakin titi, ya sa shalushan irin na tub, shi ma ya saki, don robar ba iri ɗaya ba ce. Shi da kansa ya ce a nemo gam ɗin da masu famfo ke haɗa farin bututu da shi, a shafa kaɗan, a yanko faci daga irin robar, a danne da dutse ya kwana. Wannan ya kama. Wurin ya ɗan yi tauri amma bai ƙara yoyo ba. Tun daga nan rabi nake buɗewa, ruwan ya tsaya iya ƙirjin yara.

Da wata ta tambaye ni a makarantar Islamiyya ko ta saya, tambayarta na yi da me take wanka. In burtsatse gare ku da sumo, ko ƙaramin injin tura ruwa, kuma akwai inda ruwan zai tafi ya yi amfani, saya, kuɗinki bai faɗi ba, ko da bazara biyu kawai za ta yi, don ban ga alamar za ta kai uku ba. In daga tanki ne kawai, hawaye za ki gani. In kuma kura kike saye, ki bar ta a shago, ki samu robar lemo babba ki huhhuda murfin da allura, ki rataya a igiyar shanya, yara su tsaya ƙarƙashi. Maƙwabciyata haka ta yi wa nata bayan ta ji lissafin jarkokin, da bokiti ɗaya take sallamar su.

Yanzu da ruwan sama ya sauka na wanke ta da omo, ta bushe kwana biyu a inuwa, na barbaɗe ta da ragowar hodar autana don kada ta manne, na naɗe na sa a bokitin fenti mai murfi saboda ɓeraye. Kilif ɗin da yankin tub ɗin suna ciki tare da ita, don na san halina, zuwa Maris na manta inda na ajiye.