Astaxanthin: na gansakuka ko man krill?

A wani kantin magani a Jidda, Yaya Hajiya ta ɗaga kwalabe biyu, ta ce: "Ƙanena, duk jajaye ne, wanne zan ɗauka?"

Astaxanthin dai shi ne sinadarin da ke ba kifin salmon da jatan lande launinsu. Kwalbar farko daga gansakukar ruwa mai suna Haematococcus pluvialis aka tatso shi, kowane kafso yakan ɗauki miligiram 4 zuwa 12. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce miligiram 8 a rana ba ya cutar da baligi, don haka ni na 4 na nuna mata. Da abinci mai maiƙo ake haɗiyarsa, misali bayan kabsa, wato shinkafa da nama irin ta Larabawa, domin a mai yake narkewa.

Kwalba ta biyu kuwa man krill ce, wato man wani ɗan ƙaramin halittar teku mai kama da jatan lande; nau'in mai da ake kira omega-3 ne jarinsa, astaxanthin ɗin cikinsa ɗan kaɗan ne, sau da yawa bai kai miligiram 1 ba. Wanda jatan lande ke sa wa borin jini ya nisance shi.

Sai muka juya bayan kwalba muna neman tambarin halal, tunda ɓawon kafso yawanci gelatin ne, kuma akan yi shi da fatar alade. Hajiya ta gyara tabarau, ta mayar da kwalba ta biyun kan teburin kantin.